Wahalar da na sha a binciken asfaltin da mai mai nauyi, daga takardar neman samfur har zuwa ranar kare aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin baya wani ƙanina da zai fara digiri na biyu a ɓangaren kimiyyar man fetur ya kira ni yana tambaya wai ta ina mutum zai fara in an ba shi bincike a kan mai mai nauyi, mun fi awa ɗaya a waya ban gama masa bayani ba, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta komai daki-daki yadda ya faru da ni. Don gaskiya wahalar da na sha rabinta ba ta karatu ba ce, rashin wanda zai ce min yi wannan kafin wancan ne, kuma abin yana min ciwo in ga wani ya sake faɗawa ramin da na riga na faɗa.

Ranar da Malam ya kira ni ofis ya ba ni taken aikin, kalma ɗaya ya rubuta a takarda ya ja mata layi, asfaltin. Ya ce ɗanyen mai ana raba shi gida huɗu, saturet, aromatik, rezin da asfaltin, shi ne ake taƙaitawa a ce SARA, kuma na ƙarshen nan shi ne mafi nauyi, shi ne mai toshe bututu da rijiya, shi ne mai sa mai ya yi kauri kamar kwalta, kuma har yau masana ba su gama jayayya a kansa ba. Ya ce je ka ka rubuto min tsarin aiki. Na tafi da murna na rubuto shafuka da yawa na cika su da sunayen manyan injina da na gani a mujallu, aka sa min ranar zama da kwamiti bayan sati shida, ina gama bayani wata Farfesa ta ce, ɗana, cikin injinan nan da ka lissafo wanne ka taɓa gani da idonka yana aiki? Na yi shiru. Aka dawo min da takardar. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko, na bi ɗakunan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya ina gaishe da masu kula da su ina tambaya me ke aiki, me ya lalace, wa ke riƙe da makulli, ana biya ko ba a biya, layin ya kai sati nawa. Na sake rubutawa bisa abin da ke ƙasa, aka amince, amma wata biyu sun riga sun tafi.

Sai neman samfurin man kansa, kuma nan ne na fi daɗewa. Ni a tunanina kwalba ce za a cika a miƙo min. Ashe sai sashe ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, kamfanin ya aiko da yarjejeniyar ba da samfur wadda a ciki aka rubuta abin da za ka iya wallafawa da wanda ba za ka iya ba (ni an hana ni ambaton sunan rijiyar ma, shi ya sa ba za ku ji shi a nan ba), lauyan makaranta ya duba, a mayar, su ma nasu ya duba, sannan takardar bayanin haɗarin sinadari, sannan a samo mai jigila da ke da izinin ɗaukar kaya masu kama wuta, don ɗanyen mai yana da lambarsa ta jigila ta duniya, UN 1267, ba a tura shi kamar wasiƙa. Kuɗin jigilar kuma a kan aikin ya hau, ba a kan kamfanin ba, ban sa shi a kasafina ba, sai da Malam ya nemo daga wani wajen. Wata huɗu cur ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi, wani lokacin takarda ta yi sati biyu a tebur ɗaya don mai sa hannu ya yi tafiya. Babban kuskurena a nan shi ne ban tambayi tarihin samfurin ba. Daga bakin rijiya aka ɗebo shi ko daga tanki, yaushe, an zuba masa maganin raba ruwa da mai ko wani sinadarin hana toshewa, an gauraya shi da mai mara nauyi don ya bi bututu, ya sha iska ko an rufe shi. Ban tambaya ba, daga baya da na nema mutumin da ya ɗebo an canza masa wajen aiki. Don Allah ka sa waɗannan tambayoyin a cikin wasiƙar farko, a rubuce.

Lokacin da nake jira na yi horon kiyaye haɗari, kwana biyu ne da 'yar jarrabawa, ba a ba ka katin shiga lab sai da shi, kuma sau ɗaya ake yinsa a wata, in ya wuce ka sai wani watan. Kar ka raina shi. Mai mai nauyi yakan zo da iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓa, kuma haɗarinta shi ne in ta yi yawa hanci ya daina jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi. Toluwin kuma, sinadarin narkar da mai da za ka wuni da shi, yana ratsa safar hannu ta roba cikin ɗan lokaci, in ya zubo maka cire ta nan take ka canza. Komai a cikin akwatin zuƙe tururi ake yi. Sannan na cike fom ɗin sayen sinadarai, heptan (ruwan da ake raba asfaltin daga mai da shi) da toluwin, na rubuta kwalba bibbiyu, Baba mai kula da lab ɗin ya kalli fom ɗin ya ce yaro wannan ba zai kai ka sati uku ba. Ya yi gaskiya, don kowane giram ɗaya na mai yana cin mililita 40 na heptan, ban da wanki, kuma mai tsarki sosai ake so, shi kuwa tsada gare shi. Sinadaran nan su suka cinye mafi yawan kuɗin aikina, sannan zubar da wanda aka gama amfani da shi ma akwai fom ɗinsa da jarkarsa daban.

Ranar da samfurin ya iso na buɗe gwangwanin na karkata shi, abin bai motsa ba sai a hankali, baƙi ƙirin yana sheƙi. Na so in fara raba asfaltin nan take, Baba ya ce a'a, fara sanin ruwan da ke ciki. Muka yi gwajin Karl Fischer, aka samu ruwa a ciki fiye da yadda na zata, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, in da na auna nauyi da kauri a haka duk lissafin da zai biyo baya ya gurɓata. Kafin ka ɗebi ko kaɗan kuma sai ka ɗumama gwangwanin a rufe ka jujjuya shi sosai, don na sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne bayan ya yi watanni a ajiye, amma in ka ɗumama shi a buɗe sassa marasa nauyi su tsere, man ya ƙara kauri a hannunka ba ka sani ba. Abin da na koya daga baya shi ne ka gauraya sau ɗaya ka rarraba a ƙananan kwalabe masu duhu, ka hura musu naitirojin ka rufe, kowane gwaji ka buɗe sabuwa. Daga nan na auna nauyi bisa girma da injin nan mai lanƙwasasshen bututun gilashi da ke karkarwa, matsalarsa da baƙin mai ita ce ba ka ganin kumfar iska in ta maƙale a ciki, kuma kumfa ɗaya ta isa ta rage lambar, sai da na maimaita sau biyar kafin uku su yi daidai da juna. Da wannan lambar ake fitar da ma'aunin API, ka raba 141.5 da nauyin man idan aka kwatanta da ruwa a digiri 15.6, ka cire 131.5. Ruwa yana kan 10, duk man da ke ƙasa da 22.3 ana kiransa mai nauyi, wanda ya yi ƙasa da 10 kuwa ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake, irin na yankin Orinoko a Benezuwela da bitumin, wato mai mai kama da kwalta, na Atabaska a Kanada. Nawa ya faɗo wajen 12.

Kauri kuma a riyomita ake aunawa, injin da ke matse ɗan ɗigon mai tsakanin faifai biyu yana juya ɗaya. Shi wannan na wani sashe ne, sai ka yi rajista a littafi, ana caji da awa, kuma ba a barin ka taɓa shi sai mai kula da shi ya zauna da kai sau biyu. Sati uku na jira na samu rabin yini. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda zafi ke juya mai mai nauyi, ruwa kaurinsa kusan santifoyis 1 ne (ma'aunin kauri ke nan), bitumin kuwa a yanayin ɗaki yakan kai dubban ɗaruruwa, amma ka ƙara masa zafi digiri goma kacal sai ka ga kaurin ya faɗo rabi ko fiye, shi ya sa a Albata ta Kanada suke tura tururi cikin ƙasa su narkar da shi kafin su jawo. To wannan ɗin shi ne kuma tarkon, in ba ka jira man ya ɗauki zafin faifan sosai ba lambar za ta yi ta gangarowa kana tsammanin wani hali ne na man, alhali zafi ne bai daidaita ba. Rabin yinina na farko haka ya tafi, na biya kuɗin awa na fito da layin da ba shi da amfani. Karo na biyu minti goma sha biyar nake jira a kowane mataki kafin in danna.

Yanzu raba asfaltin ɗin. A takarda abu ne mai sauƙi, ka zuba heptan a kan mai, ka jujjuya, ka bar shi kwana ɗaya a duhu, wani baƙin gari ya kwanta a ƙasa, ka tace, ka wanke garin da heptan mai zafi a cikin Soxhlet, na'urar gilashi mai maimaita wanki da kanta, har ruwan da ke sauka ya daina launi, ka narkar da shi a toluwin don ka raba shi da yashi da laka, ka busar, ka auna. Akwai ƙa'idar da aka rubuta, ASTM D6560, wadda Turawan Ingila ke kira IP 143. Na yi na farko na samu lamba, na ji daɗi. Na yi na biyu, lambar ta bambanta. Na uku heptan ya ƙare, sabon bai iso ba, na ga pentan a kabad na ce ai 'yan gida ɗaya ne, na yi da shi, sai garin ya fito da yawa sosai fiye da na baya kuma ya fi laushi da danƙo. Na rasa gane kaina, na yi sati biyu ina zargin sikeli, ina zargin takardar tacewa, har na fara tunanin ko ni ne ban iya aikin ba, barci ma ya gagare ni, ina ganin 'yan ajinmu suna ta tara sakamako ni ko lamba ɗaya tsayayya ban da ita.

Da na gaji na kwashi kwalaben uku na kai wa Malam na ce Malam, wanne ne asfaltin na gaskiya a cikin nan? Ya ce zauna. Ya ce dukkansu ne, kuma wannan shi ne abin da na so ka gano da hannunka. Asfaltin ba sinadari ɗaya ba ne mai suna da siffa kamar toluwin, dubban ƙwayoyi ne mabambanta da aka tara a suna ɗaya saboda hali guda, ba sa narkewa a heptan, suna narkewa a toluwin, iyakar ma'anarsa ke nan. In ka canza heptan da pentan ka canza ma'anar, pentan yana jawo rezin da yawa su faɗo tare. In ka rage awannin jira, ko ka gajarta wanki, ko ka yi a rana mai zafi, wani abu daban ka samu. Ya ce hanyar da ka bi ita ce samfurin naka. Wallahi maganar nan ita ta juya min aikin gaba ɗaya. Daga ranar na sayi littafi mai kauri, duk abin da na yi sai na rubuta, ƙarfe nawa na zuba, zafin ɗaki nawa, kwalbar heptan wacce, awa nawa Soxhlet ya yi, kuma na tsaya a hanya ɗaya ban sake kauce mata ba. Sannan na raba asfaltin mai yawa a lokaci guda wanda zai ishe ni har ƙarshen aiki, maimakon kaɗan-kaɗan.

Sai na koma karatu da sabon ido, na ga ashe rikicin nan tsoho ne. Wani Bafaranshe, Boussingault, shi ya raɗa sunan tun 1837. A 1940 Pfeiffer da Saal suka kawo bayanin cewa asfaltin ƙananan dunƙule ne da rezin ya lulluɓe ya hana su haɗuwa, wato mai ɗin kansa kwaloyid ne. Kwaloyid kuwa, sunan da Thomas Graham ya kawo a 1861, shi ne ƙwayoyin da girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 1000 (nanomita kaso ɗaya ne cikin miliyan na milimita) suna rataye a cikin wani ruwa, ba su narke ba kuma ba su kwanta ba, kamar tawada ko fenti, saboda ƙwayoyin ruwan suna ta bugunsu ta kowane gefe, motsin da Robert Brown ya lura da shi a 1827. An shafe shekaru ana gardama a kan nauyin ƙwayar asfaltin guda, wasu na samun dubbai da yawa, ashe dunƙule suke aunawa suna zaton ƙwaya ɗaya ce. Bayanin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne na Yen da Mullins, wanda Oliver Mullins ya tsara a 2010 bisa aikin Teh Fu Yen na shekarun 1960: ƙwaya ɗaya nauyinta wajen dalton 750 (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), faɗinta kamar nanomita 1.5, in sun ɗan yi yawa, wajen miligiram 100 a lita ta toluwin, sai kamar shida su jeru kan juna su zama dunƙulen nanomita 2, in sun kai giram kaɗan a lita dunƙulen su ma su haɗu su kai nanomita 5. A 2015 masu bincike a ɗakin gwajin IBM na Zurik suka ɗauki hoton ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, aka ga zobban kabon a manne da juna. Duk da haka akwai masanan da ke cewa wani kaso mai yawa ba faifai guda ba ne, ƙananan tsibirai ne da aka ɗaure da sarƙa, kuma ni a ganina duk biyun suna cikin kwalba, ya danganta da man da kuma yadda ka raba.

Da na zo auna girman dunƙulen sai na nufi injin DLS, wanda ke haska lesa cikin ruwa ya karanta rawar ƙwayoyi ya fitar da girmansu ta lissafin Stokes da Einstein. Shi ma layi, sati biyu. Ranar farko aka ba ni ƙaramin mazubi na roba wanda masu aiki da ruwa ke amfani da shi, na zuba toluwin, kafin in kai shi inji ya yi fari ya fara narkewa, Allah ya taimaka bai zube a ciki ba. Na gilashi ko kwatz ake sawa, kuma sai da na saya da kaina. Bayan nan matsala ta biyu, ruwan baƙi ne, yana shanye jan hasken lesar maimakon ya watsa shi, har yana ɗumama wajen. Na tsinka shi sosai har ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, to amma ka tuna tsinkawar kanta tana wargaza dunƙulen da kake son aunawa, ka ga kenan abin da ka auna ba shi ne ke cikin man ba. Ta uku ƙura. Ƙarfin hasken da ƙaramar ƙwaya ke watsawa yana hawa ne da girmanta sau shida a jere, wato wadda ta ninka wata sau goma tana watsa haske sau miliyan, ƙura guda ɗaya ta isa ta rufe duk asfaltin ɗinka. Injin kuma ba zai ce maka ya ruɗe ba, lamba mai kyau zai ba ka har da zane. Na tace komai da filtar PTFE mai ramin maikiron 0.2, na wanke gilashi sau uku, duk da haka a ƙarshe na yarda cewa DLS ba zai nuna min dunƙulen nanomita 2 a wannan baƙin ruwan ba, amma yana da amfani sosai wajen bin yadda suke girma bayan an zuba heptan. Wata guda na ɓata kafin in yarda.

Gwajin da ya fi koya min haƙuri shi ne na gano lokacin da asfaltin ke fara faɗowa. Kana ɗiga heptan kaɗan-kaɗan a cikin man da aka narkar a toluwin, kana ɗaukar ɗigo kana dubawa a madubin ƙara girma har ka ga baƙaƙen ɗigo sun bayyana. Na samu lambata, wato yawan heptan ɗin da ya sa suka bayyana, na rubuta. Kwalaben da ban ga komai a cikinsu ba na tura su gefe, ban zubar ba don jarkar shara ta cika. Bayan kwana tara na zo kwashewa, na ɗaga ɗaya a haske, sai ga baƙin gari a gindinta. Gabana ya faɗi. Na duba sauran, biyu ma haka. Na je na bincika, ashe a 2009 Maqbool da Fogler a Jami'ar Mishigan sun nuna cewa faɗowar tana iya ɗaukar daga mintuna har zuwa watanni, gwargwadon yawan heptan, wato babu wata lamba guda da za ka ce nan ne farko sai ka faɗi tsawon jiran da ka yi. Na sake tsara gwajin gaba ɗaya, kwalabe a jere a rufe ruf, ina dubawa bayan awa ɗaya, kwana ɗaya, sati, wata, kuma wannan ya zama babi mafi ƙarfi a aikina. Kuma abin ba na lab kaɗai ba ne, man Boskan na Benezuwela asfaltin ɗinsa ya kai wajen kashi 17 cikin 100 amma ba ya toshe rijiya, na Hassi Mas'ud a Aljeriya kuwa bai kai kashi 1 ba amma ya addabe su da toshewa, don ba yawan ba ne, ko man da ke kewaye da shi zai iya riƙe shi ne in matsi ya sauka.

Akwai rana ɗaya da ba zan manta ba. Na rataya ɗigon ruwa a bakin allura cikin toluwin mai asfaltin, na bar shi awa biyu, sannan na zuƙe ruwan a hankali, sai fatar ɗigon ta yamutse kamar leda a gaban kyamara. Asfaltin ya taru a iyakar ruwa da mai ya yi fata mai tauri. Nan na gane dalilin da ruwan da muka samu ranar farko ya ƙi rabuwa da man, na kira Baba ya zo ya gani, muka tsaya muna kallo.

Don ganin dunƙulen na gaske sai an watsa hasken eksire ko niyutiron a ƙaramar kusurwa, injinan kuma a manyan cibiyoyi suke, irin ESRF da ILL a Garenobul ta Faransa. Ba a zuwa haka kawai, takardar neman lokaci ake rubutawa, gajera, yawanci sau biyu a shekara ake karɓa, kwamiti ya tantance, in an ba ka sai a sa maka rana bayan watanni. Na niyutiron ma sai da toluwin na musamman mai diyutiriyam, wato haidurojin mai nauyi, mai tsadar gaske. Ni ban san da zancen wa'adin ba sai da ya wuce da kwana goma, na gaba kuma ya faɗa bayan lokacin da zan miƙa aiki. Abin ya dame ni ƙwarai. A ƙarshe Malam ya haɗa ni da wani abokin aikinsa da ke da ƙaramin injin eksire na lab, muka tura samfur shida a bututun gilashi da aka liƙe, da wata yarjejeniyar da wata takardar haɗarin, biyu suka tsiyaye a hanya, huɗu suka ba da sakamako bayan wata biyu. Sun isa, amma da na nema tun shekarar farko da aikin ya fi haka.

Ranar kare aiki mai jarrabawa na waje bai tambaye ni lissafi ko ɗaya ba da farko. Ya buɗe babin hanyoyin aiki ya ce asfaltin ɗin nan naka, na heptan ne ko na pentan, awa nawa ka wanke, kuma kwana nawa ya yi a ajiye kafin ka auna? Na jawo littafina na buɗe masa shafin. Ya jujjuya shi ya ɗan jima, sannan ya tambaye ni me ya sa kaurin ruwan asfaltin ɗina ya hau fiye da lissafin Einstein, wanda ya ce ƙwayoyi masu siffar ƙwallo suna ƙara kauri da ninki 2.5 na kason wajen da suka cinye. Na ce ranka ya daɗe, dunƙulen ba ƙwallo ba ne masu tauri, sakakku ne, suna riƙe toluwin a cikinsu, don haka wajen da suka mamaye ya fi abin da nauyinsu ke nunawa. Ya gyaɗa kai. Gyaran da aka ba ni kaɗan ne, babba a ciki shi ne in rubuta a fili cewa ban san tarihin samfurin kafin ya zo hannuna ba, na rubuta, don gaskiya ce.

Shi ya sa abin da na ce wa ƙanin nan nawa shi ne, a satin farko kafin ya karanta komai ya tura wasiƙar neman samfur da tambayoyin tarihinsa a ciki, ya yi rajistar horon kiyaye haɗari, ya duba wa'adin cibiyoyin eksire ya rubuta a bango, don waɗannan ukun su ne ba sa saurin kowa, karatu kuwa zai yi shi yana jira. Ya ninka heptan ɗin da ya lissafa sau uku a kasafi, ya sa kuɗin jigila da na awannin inji, ya girmama masu kula da lab don sun san injinan fiye da duk wanda ya rubuta littafinsu. Kuma kar ya zubar da kwalbar da ya ga kamar ba abin da ya faru a cikinta, ya rubuta mata kwanan wata ya ajiye. Nawa guda huɗu na nan a kabad ɗin lab a rufe, na bar wa Baba su da kwafin littafin, ya ce ɗalibar da ta karɓi aikin bayana tana duba su duk ƙarshen wata, kuma ta ƙarshen, mai heptan mafi ƙaranci, har yanzu ba ta nuna komai ba.